Mai Doro da Tsagen Malam

Jiya na shiga kasuwa sayen ƙwan lantarki, sai na tarar mai shagon ya ajiye wani tsohon talabijin a bakin ƙofa, irin mai ƙaton bayan nan da sai ƙarti biyu ke ɗagawa. A kunne yake, babu tasha, yana ta shuuu shi kaɗai. Ban san lokacin da na kai bayan hannuna kusa da gilashin ba. Gashin hannuna ya miƙe, na ji ɗan tas-tas ɗin nan kamar an watsa gishiri a garwashi, ga kuma warin ƙura mai zafi yana fitowa ta ramukan bayansa. Mai shago yana ta tambayata wane irin ƙwai nake so, ni kuwa tuni na koma gidanmu na Alsawra a Umdurman, ina yarinya, ina zaune a gefen gadon Kaka.

Bari in fara gaya maka ko mu su wane ne, don kada in yi ta zuba kana bina da ido. Mu Hausawan Sudan ne. Kakanmu namiji, wanda kowa a gidan ke kira Malam, ya baro ƙasar Gobir yana saurayi, a ƙafa, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin noman auduga na Sudan, ya ce bari ya yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya ya wuce. A wannan shekarar ya auri Kaka, kuma shekara ɗayar nan ba ta ƙare ba har ya tsufa ya koma ga Allah. Baba ne ya fara shigowa birni, ya zama mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, daga baya ya ɗauko iyayensa. Ina ƙarama ƙwarai Malam ya rasu. Abin da na riƙe nasa bai wuce ƙanshin kanumfari ba, da farin rawani da yake naɗawa har ya rufe kunnuwansa, ko da kuwa rana tana narka kwalta.

Talabijin ɗinmu ya girme ni. Kaka ce ta raɗa masa suna mai doro, saboda ƙusumbin da ke bayansa, ta kuma yi masa mayafi mai surfani da ake lulluɓa masa idan ya gama aiki. Da la'asar sakaliya, bayan an yayyafa wa tsakar gida ruwa, ake fito da shi a ɗora kan teburin ƙarfen da Baba ya ƙera, yaran maƙwabta su cika tabarma. Zamanin soja ne, tasha ɗaya ce, kuma yawanci masu kaki ne ke fareti ko wani babba yana ɗaga sanda yana jawabi. Mu ina ruwanmu, ko faretin ne kallo muke yi. Idan ka kunna shi sai ya yi gyaran murya tukuna, sauti ya riga hoto zuwa, sannan hoton ya taso a hankali daga tsakiya. Idan ya yi gardama a ɗan mare shi a kunnen dama, ya dawo hayyacinsa.

To, akwai wani kaset ɗin bidiyo a gidan, na bikin Baffa, ƙanen Baba. Malam bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Ko na katin shaida da aka tilasta masa, ya ɓace tun a Jazira, kuma bai nemi wani ba. Amma bikin Baffa ya faɗo a farkon mulkin soja, lokacin da ake hana fita da dare, don haka komai da rana tsaka aka yi shi. Mai ɗaukar bidiyon, wani yaro marar jin magana, ya laɓe a bayan rumfa ya jawo fuskar Malam kusa daidai lokacin da ake shafa fatiha. Malam ya ɗaga hannu ya shafa fuska, rawanin ya zame baya, ya juya kai ya gyara. Shi ke nan. Bai kai tsawon shan kofin shayi ba, amma duk duniya babu wani hoton Malam sai wannan.

Ni ce mai kula da na'urar bidiyo, domin na fi kowa rawar kai a gidan. Ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, Kaka takan ƙwala mini kira.

"Ke uwar surutu, zo ki sa mini bikin Baffanki in ga rawar 'yan mata."

Sai in sa. 'Yan mata su yi ta rawarsu, Kaka tana tsince shinkafa ko kallon wajen ba ta yi. Amma da an zo wajen fatiha sai hannunta ya tsaya a cikin tire. Idan ya wuce sai ta ce wai ba ta ga zanen wata da kyau ba, in ɗan mayar baya. Ina mayarwa, ina danne dariya. Na san abin da take kallo, ita ma ta san na sani, kuma ba mu taɓa furta shi ba. Kaka irin matan da ne. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kuma in ka ji ta ce "shi", to, Malam take nufi.

Ana nan sai Baffa ya dawo hutu daga Saudiyya, inda yake tuƙin mota, da wani kwali mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki. Aka buɗe, sai ga talabijin marar baya sam. Kaka ta zagaya ta leƙa bayansa, ta ce, "Ina cikinsa?" Daga ranar ta sa masa suna allo. Gaskiya kuwa, kada in ci amanarsa, allon nan ya yi kyau. Baba ya ƙera masa ƙarfe aka rataye shi a bangon falo, aka haɗa da dish. Idan ana ƙwallo kana ganin ciyawar fili ɗaya-ɗaya, rubutun ƙasan labarai da muke kanne ido kafin mu karanta ya fito tar. Ba ya ƙugi, ba ya zafi, ba ya son mari. Unguwa ta yi ta zuwa kallo har sai da Umma ta gaji da dafa shayi. Ni kaina na fi kowa ɗoki, na yi ta yi wa ƙawayena kuri a makaranta.

Mai doro kuwa aka naɗe shi da mayafinsa aka kai wa Gwaggo, ƙanwar su Baba, da ke aure a unguwar Umbadda, can gefen Umdurman. Juma'ar da ta biyo baya Kaka ta ce in sa mata rawar 'yan mata a allo. Na sa. Da aka zo wajen fatiha ta ɗago kai, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in kashe, kanta ke ciwo. Ba ta sake cewa in sa mata ba. Na lura, amma ƙuruciya ta sa na bar zancen, ga kuma fina-finan dish sun ɗauke mini hankali.

Bayan wasu watanni, cikin tsananin zafin da ke zuwa kafin damina, Baffa ya sake zuwa hutu. Wata Juma'a shi da Baba suka dawo daga masallaci da baƙo. Ɗalibi ne daga ƙasar Gobir ta Nijar, dogo siriri, mai sanyin murya, ya gama karatunsa a wata jami'ar addini ta Khartum, washegari zai koma gida. Da aka ci abinci aka kawo shayi, ya nemi a kira masa tsohuwar gidan. Ya durƙusa ya gaida Kaka da irin Hausar da sai a bakin tsofaffi muke jinta, babu Larabci ko ɗaya a ciki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya ce yana da kaka a gida, ta tsufa tukuf, ido ya tafi. Tana yarinya yayanta ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba, ba a kuma ji ya mutu ba. Ranar da zai taho karatu ta riƙe hannunsa ta ce ya nemo mata shi, ko shi ko kabarinsa. Tun zuwansa yake bin gidajen Hausawa, daga Umbadda har ƙauyukan Jazira. An sha kai shi gidan da suna ya yi daidai, gari ya yi daidai, amma a ƙarshe ba shi ba ne, domin sunan a kowane gida akwai shi, masu tahowa daga Gobir kuwa ba su ƙirguwa. A masallaci ne yau wani ya nuna masa Baba.

"Akwai wata alama a tsagensa," in ji shi. "Amma ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa, don kada a ce mini e saboda kara. Ta ce sai abin da idona ya gani."

Baba da Baffa suka dubi juna. Sun san mahaifinsu yana da tsagen Gobirawa, dogaye daga gefen baki zuwa kunne, amma wane ɗa ne zai tsaya yana ƙirga zanen fuskar ubansa? Baba ya juya wajen Kaka ya ce, "Inna, ko kin san wata alama?"

Kaka ta ja mayafi ta ce, "Ni ina na sani? Kallon fuskarsa aka kawo ni yi?"

Ina zaune a bayanta, ina ganin yadda yatsunta ke murza bakin mayafin. Ka gane, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Duk tsawon rayuwar Baba ba shi da wanda zai nuna ya ce wannan dangin ubana ne. Idan ana biki ko rasuwa, dangin Kaka ne ke cika gida, ɓangaren Malam kuwa wayam. A waje a ce mana baƙi, a cikin 'yan'uwanmu Hausawa ma a yi mana gorin asali idan faɗa ya yi zafi. Ga wata tsohuwa can tana jiran amsa kafin ta mutu, ga wanda zai kai amsar zai hau jirgi gobe.

Baffa ya yi tsalle ya ce ai ga kaset, ga kuma allon da babu irinsa a layin nan, ko ƙurjin fuska ne zai nuna. Aka ce in haɗa. Na haɗa, na tura har wajen fatiha, kowa ya matso.

Wayyo, abin kunya. Allon ya ja hoton ta gefe da gefe don ya cika faɗinsa, Malam da yake dogo ya koma wani guntun mutum mai kumatu. Farin rawani da farar riga suka yi ta ƙyalli har suna kashe ido, fuskar kuwa, da yake Malam baƙi ne sosai, ta dunƙule ta zama toka-toka, sumul, kamar an shafe ta da laka. Da ya juya kai sai hoton ya ja jela, kunne da rawani suka cakuɗe. Baffa ya ɗauki rimot ya ƙara haske, fuskar ta yi fari fat babu komai a ciki. Ya rage, ta koma duhu. Ya matse faɗin, tsayin Malam ya dawo amma tsagen bai dawo ba. Na mayar baya har na gaji. Ɗalibin ya kai fuskarsa dab da allon, ya koma gefe, daga gefen ma sai hoton ya dushe gaba ɗaya. A ƙarshe ya koma ya zauna, ya ce cikin ladabi, "Allah bai nufa ba. Kaset ɗin ya tsufa."

Ni dai an san bakina ba ya da linzami. Ban san lokacin da na ce, "Wallahi ba kaset ba ne, a mai doro ana ganinsa ras!" ba. Umma ta zabga mini harara daga bakin ƙofa, wai ina tsoma baki a maganar manya. Baffa ya ce in rufe masa baki, yaushe tsohon akwati zai nuna abin da wannan ya kasa. Sai Kaka ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Wannan na jikin bango ban san shi ba. Ku dawo mini da mai doro."

Baffa mutum ne mai son a yaba kayansa, amma bai taɓa musu da uwarsa ba. Ya sa takalmi, ya ce in taso tunda ni na jawo. Muka tari raksha, wato keke mai ƙafa uku, muka nufi Umbadda cikin ranar da ko jakuna sun nemi inuwa. Duk hanya yana mita, ni kuma ina cewa a raina idan fa na yi ƙarya? Idan idona ne ya saba, ba akwatin ba? Mun tarar da Gwaggo ta baje tana kallon wasan kwaikwayo, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa mata talabijin, kyauta ba ta komawa. Da Baffa ya gaya mata dalili sai ta miƙe ta fizge wayar daga bango da kanta, ta yafa mayafi a karkace. Haka muka dawo, Baffa da Gwaggo sun rungume mai doro a cinya, ni a maƙale a gefe, duk ramin da muka faɗa sai Gwaggo ta ce wa mai raksha, "A hankali, ɗan nan, ubana ne a ciki!"

Baffa ne ya shigo da shi a kafaɗa, gumi har cikin idonsa, ya dire shi a teburin ƙarfensa, daidai ƙarƙashin allon. Na sauya wayoyin. Na kunna. Ya yi gyaran muryarsa yadda ya saba, kiɗan biki ya fara fitowa, sannan hoton ya taso daga tsakiya.

Ai kuwa sai ga Malam. Ƙarami ne hoton, bai kai rabin na allo ba, yana ɗan rawa a gefe, amma shi ne. Tsayinsa ya dawo. Baƙin fuskarsa ya rabu kashi-kashi, ga ƙyallin goshi, ga inuwar ƙarƙashin ido, ga furfurar gemu, ga tsagen nan sun jeru a kumatu ana ganin kowanne. Gwaggo ta toshe bakinta. Malam ya ɗaga hannu ya shafa fatiha, rawanin ya zame, ya fara juya kai.

Kafin ɗalibin ya buɗe baki, Kaka ta sauko daga gado. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ranar da rarrafe ta isa gaban akwatin. Ta ɗora yatsarta a gilashin, ya yi mata tas, ba ta janye ba. Daidai gindin kunnen hagu ta nuna, inda tsagen ƙarshe, maimakon ya miƙe kamar 'yan'uwansa, ya lanƙwashe ƙasa ya yi ƙugiya.

"Ga ta nan," in ji Kaka. "Ita kake nema."

Ɗalibin ya ce, "Allahu Akbar." Ya sake maimaitawa. Ya ce ranar sunan Malam ne, wanzami yana kan tsage na ƙarshe jaririn ya yi atishawa, aska ta goce. Har gobe ana ba da labarin a gidansu, kuma saboda tsokanar yara ne Malam ya fara rufe wajen da rawani tun yana saurayi.

Gwaggo ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka shigo a guje suna tambaya wa ya haihu. Baba, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba, ya rungume ɗalibin yana kuka yana dariya, yana cewa "ɗana, ɗana". Ni kuwa na yi ta tsalle ina cewa ai na faɗa, ai na faɗa, babu wanda ya harare ni. Baffa ya share gumi, ya dubi allonsa, ya dubi mai doro, ya ce, "To, na yarda. Da tsohuwar zuma ake magani." Sai Gwaggo ta juya ta dubi uwarta da idon tsokana ta ce, "Inna, ba ke kika ce ba kallon fuskarsa aka kawo ki yi ba?" Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta suna girgiza. Daga cikin mayafin muka ji ta ce, "Ku tashi ku ba ni wuri, marasa kunya."

Kafin magariba ɗalibin ya samu layi zuwa garinsu, aka kai wa kakarsa waya har ɗakinta. Abin da ta fara tambaya shi ne ko yayanta yana raye. Aka ce mata ya rasu, amma ya bar 'ya'ya da jikoki cike da gida. Sai ta ce a ba ta matarsa. Ban san me suka ce wa juna ba, domin Kaka ta kore mu. Na dai leƙa ta taga na ga tana riƙe da wayar da hannu biyu, tana gyaɗa kai kamar waccan tana ganinta.

Mai doro bai koma Umbadda ba. Baffa ya saya wa Gwaggo wani allon, aka zauna lafiya. Namu allon ya ci gaba da nuna ƙwallo da labarai a falo, kuma a wannan fannin babu mai ja da shi. Mai doro ya koma ɗakin Kaka da mayafinsa. Bayan shekaru wani mai gyara ya bayyana mini cewa kaset irin na da don irin wannan akwatin aka yi shi, shi ya sa suke fahimtar juna, allo kuwa ƙoƙari yake ya gyara hoton, garin gyara ya shafe abin da ake nema. Ranar Juma'a kuma Kaka ta daina fakewa da 'yan mata. Cewa take yi, "Ke uwar surutu, zo ki sa mini shi."

Yau Kaka ta daɗe da bin Malam. Yaƙi ya tashe mu daga Alsawra, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, mai doro da kaset ɗin muka bar su a ɗakinta. Akwai kwafin bikin a wayata, gilashinta ya fi allon Baffa kyau nesa ba kusa ba, amma ƙugiyar ba ta fitowa, sai dai in nuna wa 'ya'yana wurin da yatsa su yarda da ni. A tashar mota ranar da muka fito, maƙwabtanmu da yawa ba su san inda za su dosa ba. Mu muna da lambar waya. Hanyar da Malam ya bi a ƙafa ita muka biyo a mota, ta baya, har ƙasar Gobir, kuma ɗalibin nan, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, shi ya tarye mu a bakin gari.

Kasuwar da na shiga jiya ta garin ce. Da mai shagon ya ga na daɗe a tsaye ina shafa gilashi, kuma ya ji Hausata da Larabci a cikinta, sai ya ce, "Hajiya baƙuwa ce, ko?" Kafin in amsa, wani tsoho da ke zaune a benci yana cin goro ya ɗaga masa hannu.

"Wace irin baƙuwa? Jikar mai atishawa ce. Ba ta kujera."